Likitar da Ta Ce Mana Meyo

Na fi shekara goma ina zuwa Guangzhou sarin wandon jins, amma Sinancin da na iya bai cika cokalin shayi ba. Na iya gaisuwa, na iya godiya, na iya kiran mai shago lawban, wato maigida. Sai kalmomi biyu da kowane ɗan kasuwa yake haddacewa tun kafin ya gane hanyar masaukinsa: meyo, wato babu, da me wanti, wato ba matsala. Da waɗannan biyun na yi lodin kwantenonin da in aka jera su za su tashi daga Kano su dangana da Wudil, har a samu ragowa.

Sai dai a wajenmu meyo ba ta nufin babu. Tana nufin matsa gaba. In lawban ya ce meyo, ba ka tsayawa tambayar dalili. Murmushi za ka yi, ka taka uku zuwa shago na kusa, can za a ce maka me wanti har a zuba maka shayi. Haka muka saba, kuma bai taɓa cutar da mu ba a kan wando.

Ina da amini ɗan Maraɗi, shi ma jins yake sara. A kasuwar Canaan muka haɗu, a cikin lif. Ni ma ba siriri ba ne, in na shiga lif mutum biyu ne suke fita don kansu. Amma shi da ya sako ƙafa ɗaya, sai na'urar ta fara kuka kamar an taka wutsiyar mage. Na ce masa, "Alhaji, ko dai ka bar tumbin a ƙasa, in mun sauko ka ɗauka?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bakano ne kai ko? Na ji bakin." Tun daga ranar yake kirana Bakano, ni kuma nake kiransa Babba. Ɗaki ɗaya muke kamawa, mota ɗaya muke shiga zuwa Xintang, garin da ake ɗinka jins. A duk faɗin garin nan, mai ɗinka wa rabin duniya wando, ba a taɓa samun wanda ya shige shi ba. Ko ina meyo. Ni kuwa na samu abin tsokana na shekara da shekaru.

Abin da ban cika faɗa ba shi ne ƙibar nan tana cin sa. Ga suga, ga hawan jini, gwiwoyinsa sun gaji. In yana barci minsharinsa yakan tsaya cak, in zuba masa ido har sai ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Salla kuwa a kan kujera yake yi. Akwai wata ƙaramar kujerar roba da yake yawo da ita kamar jakar hannu.

Wata Juma'a kujerar ta karye a masallaci, ana tsakiyar raka'a ta biyu. Bayan an idar aka yi ta dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara. Shi ma ya yi ta yaƙe. Sai da muka koma ɗaki ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana kallon dardumata da ke shimfiɗe.

"Bakano," ya ce, "shekara huɗu ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba."



A nan ya gaya min ya ji labarin wani aiki da ake yi, a yanke wani sashe na tumbin mutum a ɗinke sauran, ya koma cin kaɗan har ƙibar ta zube. Ya ce ya yanke shawara, kuma ni zan zaɓa masa likita.

"Kai ka san ɗumki," in ji shi, da harshensu na can. "Duk Canaan babu wanda ya fi ka ido."

Gaskiya ya faɗa, kuma kaina ya kumbura. Ni ne mutumin da in na shiga masana'anta nake juya wando ciki waje, in ja ɗinkin da hannu biyu, in goga farin ƙyalle in ga ko rini zai fita. Masu ɗinkin Xintang in suka hango ni, wasu har ɓoye kaya suke yi. Na bugi ƙirji na ce ya bar min komai.

Muka fara da wani babban asibiti, inda layi ya kusa kai tsawon titi. Likitar wata dattijuwa ce, gajera, mai furfura, fuskarta kamar ba a taɓa gaya mata labarin ban dariya ba. Na gwada mata guda biyu ta bakin tafintan asibitin, ba ta ko ɗaga kai ba. Kwana biyu tana aika mu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Aka ɗibi jini, aka auna zuciya, aka ɗauki hoto. Ta yi ta jero tambayoyi, har da wadda ta ba ni dariya.

"Bayan aiki sai ya zauna wata guda a garin nan. Wa zai zauna da shi?"

Babba ya nuna ni da haɓa. "Ga Bakano. Ba shi da aikin yi sai surutu."

Da sakamako ya fito, ta jera takardun a gabanta, ta faɗi kalmar da ba mu buƙaci tafinta ba.

"Meyo."

Tafinta ya yi mana bayani. Ba yanzu ba. Sugansa ya hau da yawa, ɗinki ba zai kama da kyau ba. Zuciyar tana buƙatar magani tukuna, numfashin barcinsa ma haka. Ya je ya yi wata uku yana bin abin da za ta rubuta masa, sannan ya dawo ta sake dubawa.

Bizarmu saura kwana goma sha tara. Na gyara zama irin na ciniki.

"Tambaye ta, wata ɗaya fa?"

"Meyo."

"To mako shida, ni da ita mu raba."

Ta dube ni a karo na farko, ta tura takardun gaban Babba, ta kira mai bi mana.

A bakin ƙofa na kwashe da dariya. "Babba, wannan tsohuwar ba ta son ciniki. Taho mu matsa gaba." Wallahi haka na ce, kuma haka na ɗauke ta, shagon da ba shi da kaya.

Akwai wani dillali da yake samar mana masauki da gurbin kaya a jirgi, mutumin da in ka ce masa kana neman raƙumi mai fiffike zai ce ka ba shi zuwa la'asar. Shi ya kai mu shago na gaba, wani ƙaramin asibitin kuɗi a hawa na shida na wani bene mai ƙyalli. Babu layi. Kujeru masu laushi, shayi da dabino. Likitan matashi ne mai fara'a, ya rungume Babba iya inda hannunsa ya kai, ya yi dariyar duk wasan da na yi tun kafin dillali ya gama fassarawa. Nan take na ji ya kwanta min.

Na shiga aikina. Na ce a nuna min samfur. Ya buɗe waya ya nuna mana hotuna, ga mutum kamar randa, ga shi kuma ya koma kamar sanda. Na tambayi kwana nawa za a gama. Ya ce uku, na huɗu yana kasuwa. Na ce suga fa? Me wanti. Zuciya fa? Me wanti. Sannan na jefa masa tambayar da nake ji da ita, wadda take sa masu masana'anta gumi.

"Ɗinki ɗaya kake yi ko biyu?"

Ya ɗaga yatsu biyu. "Me wanti!"

Na juya na kashe wa Babba ido. Ban tambayi mutum nawa ya yi wa wannan aiki ba, ko ina suke yanzu. Ban tambayi wa zai tsaya a kansa in abu ya ɓaci ba, ko suna da ɗakin da ake kai wanda ya galabaita. A kasuwa ba ma tambayar wannan. In wando ya ɓalle, sai a mayar a karɓo wani.

A mota Babba ya juyo ya dube ni.

"Bakano, waccan tsohuwa hwa ta saurari zuciyata har sau biyu. Wanga ko hannuna bai riƙe ba."

"Gwani ke nan," na ce. "Ni in na kalli yadi daga nesa, sai na taɓa kafin in san kyansa?"

Da yamma ya kira matarsa, ya miƙo min wayar. Muryarta a sanyaye.

"Alhaji, ka yarda da likitan nan?"

"Hajiya, na juya shi ciki da waje. Ki fara neman tela, duk rigunan maigidanki sai an rage su."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, Allah ya sa a dace." Wannan dariyar tana cikin abubuwan da ba na son tunawa.

Aka yi aiki, aka sallame shi a rana ta uku kamar yadda aka yi alkawari. A rana ta biyar zazzaɓi ya rufe shi. Ya ce kafaɗarsa ta hagu tana ciwo, zuciyarsa tana gudu. Na kira likita ta hannun dillali. Amsa ta dawo: me wanti, ya sha maganin rage zafi ya kwanta. Na juya na maimaita masa, har ina kwaikwayon muryar likitan don ya yi dariya. Kwana biyu ina tsaye a kansa ina cewa me wanti, shi kuma yana jiƙa zanin gado da gumi.

Da safiyar rana ta bakwai ya tashi zai yi alwala ya zube. Mu huɗu muka ɗauke shi zuwa mota. A hawa na shidan nan, wata ma'aikaciya ta leƙo ta ga halin da yake ciki, fuskarta ta canja. Likita ba ya nan. Ɗakin irin wannan jinya kuma, meyo. Ta rubuta mana sunan babban asibiti a takarda, sunan da na riga na sani.

Dattijuwar tana bakin aiki. Ta gane mu. Na shirya jin faɗa, har na so ta yi. Amma sai ta sa aka tura shi ciki da gudu. Bayan awanni ta fito da hoto a hannu, ta nuna min wani wuri da bakin biro. Tafinta ya tsaya yana neman kalmar da zan gane.

"Ɗinkin ne ya ɓalle," ya ce. "Abin da ke cikin tumbi ya yi kwanaki yana zuba a cikinsa."

Mako shida ya yi a asibitin nan, uku daga ciki bai san wanda ke kansa ba. Ta sake buɗe shi har sau biyu. Takardunta ne suka sa aka ƙara mana kwanakin zama. Kullum sai ta zo ta tsaya a kansa, ko ranar hutunta. Ta fitar da shi da rai, amma ƙodarsa ta taɓu, zuciyar ma ta ƙara rauni. Ƙiba kam ta zube. Fatarsa ta rataya a jikinsa kamar babbar rigar aro.

A filin jirgi ina tura shi a keken marasa lafiya, ya ɗago hannu da ƙyar ya nuna min yatsu biyu.

"Bakano, ɗumki biyu ka ce ko?"

Na durƙusa a gaban keken, a tsakiyar mutane. "Babba, ka yafe min."

"Tashi, kada su ce bara kake. Ni na ce ka zaɓa. Kuma ni ma na ji meyo ɗin nan da kunnena."

Wata huɗu ya yi a Maraɗi, a kwance. Salla da ishara yake yi. Goshin nan bai taɓa ƙasa ba har ranar da aka kai shi makwancinsa. Da na je ta'aziyya, Hajiya ta yi magana daga bayan labule. Ta ce Allah ya saka min da alheri, ta ji irin hidimar da na yi masa a ƙasar mutane. Na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita.

Har yanzu ina zuwa Guangzhou, har yanzu ina ba mutane dariya a Canaan, don ban iya wani abu ba. Dillalin nan yana nan, yakan turo min hotunan randa da sanda. Ni ma suga ya kama ni, gwiwoyina sun fara ƙara in zan tashi daga sujada, kuma na kama kaina ina kallon kujerun da ke bayan sahu.

Zuwana na baya-bayan nan na koma babban asibitin neman irin aikin nan, na bi layin dattijuwar. Furfurarta ta ƙaru. Ta yi min duk awon da ta yi wa Babba, ta jera takardu, ta ce meyo, sai bayan wata uku. Ban yi ciniki ba. Na roƙi tafinta ya rubuta min komai dalla-dalla, abin da zan ci da abin da zan bari. Ta ci gaba da tambayoyinta tana cike takarda, ina amsawa ɗaya bayan ɗaya.

"Bayan aiki sai ka zauna wata guda a garin nan. Wa zai zauna da kai?"

Na juya gefena na dama, inda ya saba cika kujera ɗaya da rabi. Ta ajiye biron tana jira.