Benen Abdulwasi'u

In ka ga Abdulwasi'u a titin Mansur da farar jallabiyarsa ta sha guga, carbi na lilo a hannu, sai ka rantse rabin unguwar gadonsa ce. Wankin motocin alhazai yake yi a Kudai. Ba sana'ar na raina ba, ni ma waina nake toyawa a bakin layi. Bakinsa ne ban ga ranarsa ba.

Mutumin Yalwa ne, ya shigo Makka da iƙamar aiki, wato takardar izinin zama, ya auri Mu'minat, baiwar Allah da ba ta iya faɗa ba. Suka kama hayar shiƙƙa a ƙasan benen da nake zaune, ɗaki biyu da falo. Ba banza suka zaɓi ƙasa ba. Uwar Mu'minat, Inna Ɗaso, gwiwoyinta sun gama aiki, matakala ɗaya ba ta iya hawa. Amma daga nan kullum da la'asar takan dogara sandarta ta fito ta zauna kusa da tandata, ranar Juma'a kuma a tura ta a keke zuwa Harami. Duniyarta ke nan kaf.

Mai benen wani dattijon Balarabe ne, Ammu Sa'ud. Da kansa yake share matakala, da singileti da zanen ɗaurawa, shi ke canza ƙwan lantarki. Kowane Sha'aban shi da Abdulwasi'u su je ofishin dillali a sabunta yarjejeniyar haya, shekara guda-guda. Bana ma da bakinsa ya ce wa Mu'minat ta shekara uku zai yi musu, saboda tsohuwa ta samu natsuwa.

To ashe gogan naka ya daɗe da shaida wa mutanen Yalwa benen nasa ne. Hoto a ƙofa, hoto a kan rufi, ya tura gida. Duk wanda ya zo Umara sai ya jawo shi cin abinci, ya nuna mu da leɓe, wai 'yan hayarsa. Ni! In suka tambayi tsohon mai tsintsiya, sai ya ce, "Maigadina ne, tausayinsa nake ji." Na ce da shi, "Baban Raihana, ramin ƙarya ƙurarre ne." Ya ce wai mu mata ba mu san harkar girma ba.

Ana sauran 'yan kwanaki a je ofishin, sai ga Malam Mudassir, limamin garinsu, ya zo Umara. Mutumin kirki, ga Larabci kamar ruwa. Ya ci ya sha, ya sa albarka. Ka san mutanenmu, baƙon arziki ba ya fita gidan babban mutum bai sallami yaran gida ba. Yana fitowa ya tarar da Ammu Sa'ud na goge ƙofa. Ya zaro ƙullin goro da wata hula da ya ɗan sa, ya danƙa masa a hannu. Ina zaune, a kan idona. Ya ɗora da nasiha cikin Larabci tsantsa: ya riƙe amanar maigidansa, don ba kowane mai bene ne zai ajiye tsoho irinsa yana ci yana sha ba.

Ammu Sa'ud ya dubi hular, ya dubi Abdulwasi'u. Shi kuwa sarkin bene sai ga shi yana laluben waya a aljihu, wayar da ke hannunsa. Kalma ɗaya ta gaskiya da ta wadatar, wallahi, dattijon mai sauƙin kai ne. Amma ya faɗi gaskiya a gaban limamin Yalwa? Ina! Buɗar bakinsa sai ya ce, "Karɓi mana, yalla, ka yi godiya."

Ya kuwa yi godiya. Ya sa hular a kansa, ya ci gaba da goge ƙofa.

Ranar zuwa ofis Abdulwasi'u ya shafa turare ya ƙwanƙwasa wa Ammu Sa'ud ƙofa. Ta bayan ƙofa ya amsa: "Mai gida ba ya haya a wurin maigadinsa." Mu'minat ta je ta yi kuka, ni ma na je. Ya ce tsohuwa ta yafe masa, amma sunan mutumin nan ba zai sake hawa takardarsa ba. Iƙamar kuwa Abdulwasi'u kaɗai ke da ita a gidan, kuma ba a rubuta haya da sunan wanda ba shi da ita.

Sun koma unguwar Ka'akiyya, hawa na huɗu, benen da ba shi da na'urar hawa. Ƙarti biyu ne suka ɗauki Inna Ɗaso a kujera suka hau da ita, tana ta ba su haƙuri. Azumi ya zo ya wuce ba ta sauko ba. Na kai mata waina bayan Sallah, na tarar da ita a jikin taga tana tambayar ta wane gefe Harami yake.

A falo kuwa surukin nata na kishingiɗe yana waya da Yalwa, murya har waje. Wai ya sayar da benensa na titin Mansur, hayaniya ta yi yawa, yanzu ya koma sama inda iska take.