Ranar da Sukarin Gwaggo Ya Ƙone

Na shiga gidajen masu hali da yawa a Kanon nan, amma ban taɓa shiga ɗakin da ya kai na Gwaggo ƙamshi ba. Ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a wani tsohon gidan ƙasa a Shahuci. Ba ta sayen turaren fesawa. Cewa take yi wannan hayaniya ce kawai. Nata da hannunta take haɗawa: kajiji, farce, kanumfari, ɓawon lemon zaƙi da ta shanya a inuwa, da ɗan itacen sandal in an kawo mata tsaraba daga Makka. Ko randarta sai ta kife ta a kan kasko ta sha hayaƙin kajiji kafin a zuba ruwa. Ka sha moɗa ɗaya, ka wuni kana jin sa a maƙogwaro.

Sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya. Da hannuna ya fara sabawa da biro, na ɗauki littafi na tafi wurinta in rubuta haɗin. Na tambaye ta cokali nawa ake sa na sukari. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce tunda na zama Malama, in rubuta "daidai". Na ce daidai da me? Ta taɓa hancinta, ta ci gaba da aikinta. Na rufe littafin na zauna kallo.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Farce, wato ɓawon wata halittar ruwa, ƙarnin kifi yake yi in ba a gyara shi ba. Sai ta jiƙa shi kwana uku, ta kankare shi ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙa, sannan ta soya shi a cikin yashi mai zafi. In ta ɗora sukari a wuta kuwa, ko kallon tukunyar ba ta yi. Tana cikin ba ki labarin rigimar maƙwabta sai ki ga ta miƙa hannu ta sauke, ta juye kayan a ciki. Ban taɓa ganin ta yi kuskure ba.

'Yarta ɗaya tal ta shekara goma sha ɗaya a gidan miji kafin Allah ya ba ta ciki. Da ta dawo gida goyon ciki, Gwaggo ta ce turaren ɗakin jegon nan babu hannun da zai taɓa shi sai nata, domin ranar suna dangin miji kaf za su shigo. Turaren kuma yana son kamar kwana arba'in a rufe a kwalba kafin ya kama jiki. A wannan daminar ne Gwaggo ta kwanta zazzaɓi da mura mai nauyi. Ta tashi, ta koma harkokinta.

Ranar haɗin muna tsakar gida, ni da 'yarta da maƙwabta biyu. Sukari ya fara ƙauri. Gwaggo na zaune daf da murhu tana ta zance. Maƙwabtan suka sunkuyar da kai, 'yarta ta shige ɗaki. Ni ba a yi ni da irin wannan kawaicin ba.

"Gwaggo, sukarin nan ya ƙone."

"In ji wa?"

"In ji hancin kowa a gidan nan, ban da naki."

Ta leƙa tukunyar, ta ga ya yi baƙi ƙirin. Ta ce in ɗauki mayafina in bar mata gida. Na tafi. Gaskiya na faɗa, amma a gaban maƙwabta na faɗe ta, kuma wannan ya tsaya mini a rai.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, sai ga ta a gidana a Gwale da ƙullin kaya a ka, ita da ba ta fita sai gaisuwar mutuwa. Ta ƙi zama a tabarma. A tsaye ta gaya mini tun zazzaɓin nan ba ta jin warin komai. Ko daddawa ta kai hanci, kamar ta shinshina dutse. Farcen da ya rage na tukunya ɗaya ne, kwanakin kuma sun matso.

"Hannun yana nan," ta ce. "Ke kuma Allah ya ba ki hanci da baki, ko da yake bakin ya rinjaya. Hura wuta."

Ita ke juyawa, ni ke shinshinawa. Ta tambaye ni me nake ji, na ce daɗi. Ta ce daɗi ba amsa ba ce, ko akuya ta san daɗi. Sai na dinga lalubo mata: yanzu kamar alewa, yanzu kamar gyaɗa ta fara soyuwa. Da na ce kamar ƙanzon dambu kafin ya kama, ta sauke tukunyar tun ban rufe baki ba. Kanumfari ma sai da ta sa na rage, don na ce yana sukar hanci.

An haifi mace. Ranar suna Gwaggo ta zuba turaren a garwashi, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar ɗakin jego. Tun safe ba ta ci komai ba. Ba ta tambaye ni ko ya yi ba. Fuskokin masu shiga take bi da kallo. Can uwar mijin ta iso. Ta ɗaga labule, ta tsaya cak, ba ta ko gama sallama ba. Maimakon ta nufi jaririyar, sai ta durƙusa ta baza gefen mayafinta a kan kaskon.

Gwaggo ta juyo gare ni ta ce in je in ɗebo mata tuwo, kuma in cika miya.