Baba Sualihu da Gansakukar Bakin Rijiya

Da hantsi yake fitowa. Sai rana ta ɗan taɓa siminti za ka hango shi tafe da bokiti biyu, ɗaya ruwan zafi ɗaya toka, ga ɓawon kwakwa da guntun ƙarfe a aljihu. Tokar nan gida-gida yake bi yana karɓa, don haka babu murhun da bai sani ba a zangon Salaga, amma ko ka matse shi ba zai ba ka labarin kowa ba. Ni Zalia na gwada, na gaji.

Baba Sualihu ke nan, mai kankare mana gansakuka a daɓen bakin rijiya da wurin alwala da katangar lambun Faridatu. Ba wanda ya sa shi. Shekara ashirin da suka wuce matarsa Awawu, Allah ya jiƙanta, ta zame a daɓen nan da ruwa a ka, ƙugu ya karye, ba ta sake taka ƙasa ba. Ana gama zaman makoki ya ɗauki bokiti.

Zai kwara ruwan zafi, ya barbaɗa toka, ya zauna ya jira ta ci. Sannan ya durƙusa ya kankare, ya goge da ɓawon kwakwa, ya share dattin can nesa da rijiya. In damina ta matso kuma ya sassare rassan mangwaron da ke rufe wurin, wai inda rana ke shiga gansakuka ba ta zama.

Bara Alhaji Wadud mai doya ya dawo daga Tamale da galan na wani magani mai hawa kai.

"Baba, ka huta haka nan. Wannan minti biyar ya gama aikin."

"Alhaji, in ya gama, ina ruwan zai gangara?"

Alhaji sai ya tuttula maganin a daɓen. Simintin ya yi fari tas, har da tafi aka yi. Ruwan kuwa ya bi kwata ya shige lambun Faridatu, alayyafo ya ƙone, agwaginta biyu suka wuntsila suka mutu. Kwana huɗu ba mai yarda ya ɗebi ruwan rijiyar. Abin da Faridatu ta faɗa wa Alhaji ba zan rubuta ba, amma mai so ya same ni a gida.

To yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Gwiwoyinsa sun ƙi, 'yarsa Sadiatu za ta tafi da shi Yendi ranar Asabar, hadari kuma ya fara haɗuwa. Jiya na leƙa daɓen, na dawo, na sake komawa. Gefen yamma har ya fara kore. Ni ma ƙugu ɗaya gare ni, kuma ba sabo ba ne.

Na tare shi na ce, "Sualihu, za ka tafi ka bar mu mu kakkarye?"

Ya ce, "Mma Zalia, da kina guga yadda kike surutu, da daɓen nan ya zama madubi."

Ka ji tsoho mara kunya. Duk da haka kai ne, Sualihu, ka sa masu ciki ke jan guga ba sa duban ƙafa. Kai ne ka durƙusa inda manya suka tsallake, mai toka, gatan tsofaffi. Mun gode. Allah ya sassauta maka gwiwa, ya sa Yendi ta karɓe ka lafiya, ya haɗa ka da Awawu a inda ba santsi.

Ku kuma sauran, ranar Laraba da hantsi zai yi gugar ƙarshe, ya ce zai nuna wa duk mai son koyo. Kowa ya zo da tokar gidansa. Mutala tela, Shakira mai koko, Alhaji Wadud har da kai, ban da galan. Ni zan kawo ruwan zafi in zauna a kan kujerata ina ƙirga fuskoki. Wanda ban gani ba, na san abubuwa a kansa, kuma ranar Juma'a akwai suna a gidan liman.