Makiyayi a Shagon Cike Fom

A wani shagon kwamfuta a Daura, inda ake cike wa ɗalibai fom ɗin jami'a, ina zaune ina kallon wani dogon mutum da 'yarsa. Rawaninsa ya koɗe, dugadugansa duk faso, sandarsa jingine da bango. Ina jin makiyayi ne daga wajen Mai'adua.

Mai shagon ya ce, "Baba, likita zan sa mata ko? Abin da kowa ke so ke nan."

Mutumin ya juya a hankali. "Adawiyya, ke za ki zauna ajin, ba ni ba. Faɗi."

Ta sunkuyar da kai. "Likitan dabbobi."

Mai shagon ya yi dariya. "Daga ruga a koma ruga?"

"Rubuta mata, ɗana. Bara shanu huɗu na binne, ban samu mai duba su ba."