Gwangwanayen Kawu Bok

Ranar da aka sake buɗe kasuwar abincinmu ta unguwar Toa Payoh bayan wankin da akan rufe ta a yi mata, na shigo da safe ina jan ɗaurin rake, na leƙa rumfar Seah Bok Chuan, wanda kowa ke kira Kawu Bok, sai gabana ya yanke ya faɗi. Tsofaffin gwangwanayensa babu ko ɗaya. A wurinsu an jera wasu sababbin kwanonin silba suna ƙyalli, girma ɗaya, tsawo ɗaya, kai ka ce rana ɗaya aka haife su.

Wanda bai sani ba zai ce mene ne abin tashin hankali a gwangwani. To ni rumfata ce ke kallon tasa, ina matsar rake yana suya, tun gashin kanmu yana baƙi. Kuma duk kasuwar ni kaɗai na san cewa Kawu Bok ba ya gani.

A gefen titi ya tashi, a gindin amalanken ubansa, yana fifita gawayi tun bai kai tsayin kasko ba. Da gwamnati ta kwashe masu sayar da abinci daga tituna ta zuba su a kasuwanni, sai ya samu wannan rumfa, kuma bai sake matsawa ko'ina ba. Faffaɗar taliya da naman sa, soyayyar shinkafa, ganye da yaji, kifi mai zaƙi da tsami, duk abin da ka kira zai soya maka shi kafin ka gama neman wurin zama, a kuɗin da ɗan tasi da mai shara za su iya biya. Mutum ne da ba ya kallon mai saye. Bayansa kawai muka sani: farar singileti, tawul a wuya, gwiwar dama a jikin sandar gas tana ƙara wuta tana ragewa. Magana kuwa sai ka roƙa. Da wannan kaskon ya kai 'yarsa tilo, Siew Hoon, har jami'a.

Ciwon sukari ne ya cinye masa idanu a hankali, har ya zama haske da duhu kawai yake rarrabewa, mutane kuma inuwa. Matarsa, Geok Lan, ita ta fara ganewa, ita kuma ta nemo dabara. Ta zubar da kwanonin da ke gefen murhu, ta sa kowane kayan haɗi a mazubin da ƙararsa ta bambanta da ta sauran. Mai a gwangwanin biskit, gishiri a na madara, sukari a kofin tangaran, ruwan waken soya a tulun ƙasa, ruwan sitaci a wani tsohon kwano mai lotsattsen gindi. Kafin ya ɗebi komai sai ya ƙwanƙwasa da ludayi ya ji. Masu saye suka ɗauka salo ne, har samari na ɗaukarsa a waya. Da Geok Lan ta kwanta ciwon ajali, na je duba ta, ta riƙe mini hannu.

"Poh Choo, ki riƙa duba masa gwangwanayen nan. Kada kowa ya taɓa."

Bayan rasuwarta ya ƙi ɗaukar kowa aiki. Ka faɗa wa ƙeyarsa abin da kake so, ka jefa kuɗi a roba, ka ɗauki farantinka. Siew Hoon kuwa ta gyara masa ɗaki a gidanta na unguwar Punggol, can saman bene inda ko ƙarar mota ba a ji, ta kuma faɗa masa a gabana cewa ranar da idonsa ya gaza, ranar za ta mayar wa hukumar kasuwa da makullin rumfa. Shi ya sa ya ce mata likita ya ce lafiya lau, daga nan ya daina zuwa asibitin gaba ɗaya. Na san in aka raba shi da wutar nan ba zai daɗe ba. Shi ma ya sani.

Ina tsaye ina kallon kwanonin sai ga ta ta fito daga bayan rumfar, ta ɗaura ƙyallen aiki a kan kayanta masu tsada, fuskarta fal murna.

"Anti Poh, kin ga aikina? Hutu na ɗauka. Waɗancan duk sun yi tsatsa, abin kunya."

"Ina kika kai su?"

"Motar shara ta tafi da su tun jiya."

Na so in kwaɗa mata sandar rake. Amma yarinya ce da ta kwana biyu a durƙushe tana goge wa ubanta rumfa, me zan ce?

Ba a jima ba ya iso, yana tafiyarsa ta kullum, hannu ɗaya na shafar gefen tebura kamar mai duba ƙura. Ya shiga, ya rataye rigarsa, ya miƙa hannu inda gwangwanin mai yake. Na ga yatsunsa sun sauka a kan bakin silba mai santsi, suka tsaya cak. Suka matsa na gaba. Suka sake matsawa.

"Baba, ka gani? Har suna na rubuta a jikin kowanne."

"Na gani," in ji shi. "Sun yi kyau."

Ya ɗauki ludayi ya ƙwanƙwasa na farko, ya ƙwanƙwasa na biyu. Ƙara ɗaya. Duk jerin ƙara ɗaya.

Na cika kofi da ruwan rake na tsallaka da sauri.

"Siew Hoon, je ki ƙasa wurin masu kayan miya ki sayo masa tsiron wake kafin ya ƙare."

"Na sayo, Anti."

"Jatan lande fa?"

"Yana cikin firij. Komai na sayo."

Yara masu ilimi ke nan, ba sa barin ko ƙofa ɗaya a buɗe. Sai da wayarta ta yi ƙara ta juya baya, sannan na matsa kusa da kunnensa kamar mai ajiye kofi.

"Yaya Bok, na farko sitaci ne, ba mai ba. Mai na biyu. Na uku gishiri, na huɗu..."

Siew Hoon ta juyo. Na ce masa ya sha tun da sanyinsa, na koma rumfata.

Mai sayen farko Quek ne, tsohon ɗan tasi, ya ce soyayyar shinkafa. Kawu Bok ya kunna wuta, ta yi gurnani. Ya tsallake kwano na farko, ya ɗebi mai a na biyu, na sauke numfashi. Ƙwai, shinkafa, ya wurga, ya tare. Da ya zo kan ruwan waken soya sai ya ɗebo ɗan kaɗan ya kai baki. Mutumin da tun da nake ban taɓa ganin ya ɗanɗana komai ba.

"Baba, yau kuma ɗanɗanawa ake?"

"Sabon kwano yana canja ɗanɗano."

Quek ya yi dariya. "Yau ba kiɗa, Kawu? Ni don kiɗan nake zuwa, abincin ai na haƙuri ne."

"Ci ka tafi, mota na jiranka."

Haka ya lallaɓa har rana ta take. Amma suyar nan ba ta jira. Wutar da ke ba taliya ƙamshin kasko, in ka tsaya tunani ita ce za ta mayar maka da ita gawayi. Ma'aikatan ofis suka sauko, layi ya miƙe har gaban rumfata, saboda mutane sun yi kewarsa kwanakin da aka rufe. Siew Hoon ta tsaya a hagunsa, daidai inda uwarta ke tsayawa a da, tana kira masa abin da aka ce. Taliya biyu, ɗaya ba yaji. Ganye. Shinkafa uku a ƙunshe. Ina matsar rake idona na can, har na zuba wa wani ruwa a kan takalmi. Singiletinsa ta jiƙe sharkaf. Tun yana tsayawa ya lissafa kwano, har na ga hannun ya fara gudu shi kaɗai, yana komawa hanyar da ya saba.

Wata mata ta dawo da faranti. "Yi haƙuri, taliyar nan kamar alewa."

Siew Hoon ta ɗanɗana, ta yatsina fuska, ta dubi kwanon sukari da sunansa ɓaro-ɓaro a jiki, ta dubi ubanta.

"Hannu ne ya zame," in ji shi, bai juyo ba. "A sake mata. Me ke gaba?"

"Kifi."

Kifi sai da mai da yawa. Ya zuba, ya danna sandar da gwiwa, man ya yi zafi har yana hayaƙi. Ya saurara, ya ji bai isa ba, yana son ƙari. Ina kallo hannunsa ya tafi kwano na farko, inda mai ya zauna tun zamanin Geok Lan.

"Yaya Bok! Ba shi ba!"

Injin rake ya haɗiye muryata. Cikakken ludayin ruwan sitaci ya faɗa cikin tafasasshen mai.

Ƙarar kamar an fasa taya. Mai ya yi tsalle ko'ina, wuta ta kama shi ta miƙe har rufin rumfa, layi ya watse, kujeru suka zube. A cikin wannan hayaniya na ji ihun Siew Hoon. Shi kuwa jikinsa ya san abin yi: gwiwa ta kashe gas, hannu ya lalubo murfi ya kife kaskon, wutar ta mutu. Sannan ya juyo, karo na farko da mutanen layin suka ga fuskarsa sosai.

"Hoon! Hoon, ina kike?"

Tana nan a hagunsa, ta jingina da firij, riƙe da hannunta da man ya watsa wa, bai fi taku ɗaya tsakaninsu ba. Shi kuma ya miƙa hannaye dama, yana lalube iska, yana ture kwanonin silba suna zubewa.

"Fuska ce? Hoon, yi magana! Ya taɓa miki fuska?"

Ta manta da ƙunar, ta tsaya tana kallon ubanta yana nemanta a inda ba ta. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu lokaci ɗaya kamar ranar ba. Na kutsa, na ja ta zuwa famfo na sakar mata ruwa a hannu, sannan na kamo hannunsa na ɗora a kumatunta. Ya shafa goshi, ya shafa ido, ya shafa haɓa. Lafiya lau, sai hawaye.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun uwarki na da rai. Ita ta jera mini gwangwanayen. Da kunne nake gane su."

Ta dubi kwanonin da ke warwatse a ƙasa, ta toshe baki.

Ba ita ta nemi makullin ba. Shi ya ciro shi daga aljihu ya lalubi tafin hannunta ya saka. Ya ce wanda ya ƙona 'yarsa ba shi da sauran zama a gaban wuta. Ya ja ƙofar rumfar ta ƙarfe ya rufe da kansa, rana tsaka, abinci na kan tebura bai huce ba.

Kwanaki rumfar na rufe. Quek ya zo ya tsaya ya tafi. Ni kuwa ko gaisuwa aka yi mini sai na ji kamar zagi ne.

Wata safiya, kafin masu kofi su hura wuta, na ji ƙwanƙwasa daga rumfar. Na leƙa. Siew Hoon ce, da kayan ofis, hannu a naɗe da bandeji. Ta jera tarkace a gefen murhu: gwangwanin madara da ta roƙo wurin mai kofi, na biskit, tulun ƙasa, kofin tangaran mai karyayyen hannu. Ta runtse ido gam, tana bugun kowanne da ludayi tana saurare.

"Anti Poh, waɗannan biyun ƙararsu ta yi kama. Kina da wani tsohon kwano?"

"Ba ke kika ce abin kunya ne ba?"

"Anti, don girman iyayenki."

"Shi ya ce zai dawo?"

"Bai ce komai ba. Tun ranar yana zaune a bakin taga, ko shinkafa ba ya gamawa." Ta share hanci. "Jibi zan kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so. Zan samo wadda za ta tsaya masa a hagu. In likita ya ce a daina, a daina. Amma ba ni zan kashe masa wuta ba."

Na je na juye ƙanƙarar da ke cikin tsohon kwanona mai lotsattsen gindi na kawo mata. Ta ajiye shi a ƙarshen jeri, ta sa gwangwanin biskit a farko, ta cika shi da mai. Sannan ta sake rufe ido, ta ce in faɗa mata yadda uwarta ta jera sauran.