Tarwadar Kaka Tabawa

Ni dai tun ina ƙarami ba a san ni da zama wuri guda ba. Gidanmu na bakin tafkin Madarunfa, kakarmu Tabawa kuma bandar kifi ce sana'arta. Bayan magariba, in ta jera kifin bisa waya ta tura itace ƙarƙashi, sai mu kewaye wutar, ni da yayata Hadiza da 'ya'yan maƙwabta. Hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa, sai ni. In zauna nan, in koma can, in tsokani garwashi da kara.

"Maigida, ƙaya ce a tabarmar?" Haka take ce mini, wasan kaka da jika. "Zauna mana, Tarwada!"

Sunan daga wata tatsuniyarta ya fito. Takan gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafarta," mu ce, "Ta iso, kunnuwanmu na nan."

Wai wata shekara tafki ya soma ƙafewa. Gaiwa da Tarwada ƙawaye ne, suka zauna shawara. Tarwada ta ce ita kam ba ta tsayawa rana ta gasa ta da ranta. Da asuba ta fita, tana jan ciki bisa raɓa, har ta sami kududdufi. Kwana uku ya ƙafe, ta ƙara gaba. Ta sami wani, shi ma haka. Gaiwa kuwa ta nutse cikin laka ta naɗe jikinta, in yunwa ta matsa mata ta ɗan gatsi jelarta. Ana nan sai wani magini ya zo ya haƙi lakar, ya yi tubali, ya gina katanga da Gaiwa a ciki. Tana cikin bango tana jiran damina, Tarwada na can tana ta tafiya.

Iyakar abin da na sani ke nan. Daidai nan kullum sai in ji gangar 'yan kokawa daga dandali, ƙafafuna su hau ƙaiƙayi, in sulale. Nakan ce gobe na ji sauran.

Goben nan ita ta kai ni Yamai, ta kai ni Faransa. Na fara karatu a Saint-Denis, shekara biyu na watsar. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi gadi, na yi dakon kujeru da firji zuwa hawa na shida ba lif. Tun da na bar karatun, ba inda na cika wata shida. Ko'ina na je sai in ga kamar arzikin na garin gaba. Ina cikin wannan yawo Kaka ta rasu, takarduna kuma ba su cika ba, ban je ba.

Daga nan na faɗo Lyon, na sami aikin lebura a wani shantiye, wato wurin gini, a Bron kusa da birnin. Ɗaukar bulo, kwaɓa siminti, tura baro, har tafin hannuna ya tsattsage. Babban magini a wurin wani dattijo ne ɗan Fotugal, Manuel. Shi ya ce mini in na tsaya muka gama ginin zai koya mini ɗora bulo, shef, shugaban aikin, kuma ya yarda ya ɗauke ni dindindin. Na ce to. Amma tikitin jirgin ƙasa na cikin aljihuna: Litinin in tafi Paris, daga can Beljiyam, inda wani abokina ya ce aiki har ya yi yawa. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Lahadi Manuel ya ce in raka shi su a kogin Saône. Na yi dariya a raina, jikan masunta za a nuna wa kama kifi? Ashe su irin nasu daban ne. Ba taru, ba kwalekwale, ba waƙa. Kujera ce da sanda da fatsa, sai shiru. Kai, ranar na sha wuya! Na ƙirga jiragen ruwa, na ƙirga agwagi, na je bakin gada na dawo, ina ta shafa tikitin nan.

"Ka zauna," in ji Manuel, bai ko dube ni ba. "Kifi na jin takunka."

Maganar Kaka ce sak, muryar kawai ta bambanta. Na zauna.

Can wajen la'asar sandar ta lanƙwashe. Muka yi ta fama, shi na ja ni na riƙe masa ɗamara, har abin ya taso. Tarwada! Wallahi ta kusa tsawona, ga gashin baki zaƙo-zaƙo, ga kai kamar turmi. A Madarunfa ban taɓa ganin ko rabinta ba. Har na fara jin ƙamshin banda a hancina. Sai Manuel ya zare fatsar a hankali, ya ce in ɗauke su hoto, ya tura ta ruwa ta tafi. Na kusa gaya masa baƙar magana.

Ya ce ba a cin ta, ƙasan kogin ba tsabta. Kuma ya san ta, ya taɓa kama ta, ga tabon a leɓenta. "A ramin ƙarƙashin gadar can take zaune, shekara da shekaru. Kana tsammani da yawo ta yi wannan girman?"

Na koma gefe na kira Hadiza a Maraɗi. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Yaya, don Allah tatsuniyar Gaiwa da Tarwada, yaya ta ƙare?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ni za ka tambaya? Wa ya ji ƙarshenta? Duk ran da ka sulale sai ta ce, 'Maigidana ya fita, a ajiye masa sauran.' Mu yi ta roƙo, ta ƙi. Kai ka hana mu ji, Tarwada. Har tana kwance ciwon ajali na tuna mata, ta ce in bari sai ka dawo."

Na tsuguna nan bakin ruwa na yi kukan da ban yi ba ran da aka gaya mini rasuwarta. Manuel ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

Litinin jirgin ya tafi ba ni. Ƙarfe bakwai ina Bron ina kwaɓa siminti, ƙafafuna na ƙaiƙayi, ina danne su.

Yau shekaru ke nan ina gini, ni ma har ina koya wa wasu. Ƙaiƙayin bai barni ba, sai dai na san shi yanzu. Da ina ganin in na tashi na tafi ni kaɗai abin ya shafa. Ban san akwai waɗanda ke zaune gaban wuta suna jirana ba, har wutar ta mutu. Wani lokaci in na ɗora bulo sai in tuna Gaiwa, in ce ko damina ta riske ta da sauran rai, ko Tarwada ta sami ruwan da ba ya ƙafewa.

Ɗiyata, da muka sa wa sunan Kaka, nan Lyon aka haife ta. Ita tana da zama, ba ta gado ni ba. Kwanan baya na yi mata tatsuniyar, na kai inda Gaiwa ke cikin bango, na tsaya. Ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, sai me ya faru?"

Na ce, "Ban sani ba, Tabawa. An ajiye mini, ban koma na karɓa ba."