Jajayen Zakarun da Na Rabar a Gubuchi

Shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki aka kawo ni Gubuchi daga Hunkuyi. Har na haihu, ina goye da 'yata ta fari, ba a daina ce mini baƙuwa ba. Ni kuwa ga rawar kai, so nake kowa ya so ni, ba ni da aiki sai aika tuwo gidajen maƙwabta.

Wata ranar kasuwar Makarfi maigidana ya dawo da ƙwai cikin hula. Ya ce wani malamin gona ne ya ba shi, na kajin Turawa ne, waɗanda ba sa gajiya da saka ƙwai. Na sa wa kazata ta kwanta a kai. Da ta ƙyanƙyashe na yi ta fama, ga ba da tsaki, ga korar shirwa. Ashe wahalar banza nake yi! Suna tasawa sai ga zanko yana tsirowa a kawuna. Biyu ne kawai mata, sauran duk zakaru, jajaye jawur, dogaye, irin da ba a taɓa gani a garin ba.

Kai, ban taɓa ganin fitinannu irinsu ba. Faɗa tun safe, jini a bakin akurki, ga cara ba lokaci, har da almuru. Wannan carar ta almuru ce ta tayar wa uwar mijina hankali. Ta ce, "Amarya, ba na son wannan abu. Ki raba mu da su." Muka yanka ɗaya. Maigida yana can gonar rake ana dafa mazarƙwaila, ba shi da sukunin kai kaji kasuwa. Sai na ce to, ga hanyar zumunci ta samu, na shiga rabo gida gida.

Akwai 'yar maƙwabciyata ta bayan danga, ba ta fi shekara biyar ba, kullum tana ɗakina. Ran nan ta shigo na kama mafi girma na ɗora mata a hannu, na shafa kanta, na ce nata ne. Ta fita tana tangaɗi da shi tana dariya.

Uwar mijina tana kaɗi a inuwa. Ta ajiye mazari.

"Da hannunki kika ba ta? Da ransa?"

"I, Inna. Laifi ne?"

"Da uwarta kika aika wa," in ji ta. Ba ta kuma ɗaukar mazarin ba.

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya kayar da yarinyar. Ta dangar muke jin ihunta, tana cewa a kore shi, ga zakaran Amarya nan zai tsattsage ta. Na zura mayafi zan je dubiya, Inna ta tare ƙofa ta ce in zauna.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa. Masu shigowa ɗibar wuta suka ɗauke ƙafa. Na aika tuwo, kwanon ya dawo ko taɓa shi ba a yi ba. Wata safiya ina shara na ji tim a bayana: zakara ne, ƙafafu a ɗaure, an jefo shi ta kan danga. Kafin azahar an jefo wani. Haka suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, ba sallama, ban ga fuskar kowa ba. Na tsaya a tsakar gida suna fuffuka a ƙasa, na gane sunan da ake shirin sa mini.

Mayya. A wurinmu an yarda maye yana kama kurwar yaro ta hanyar kyauta, kuma yaron da aka kama shi ke faɗin wanda ya kama shi. Magani ɗaya ne, wanda ake zargi ya zo ya tsallake marar lafiya, wai ya sake shi. Kuma an ce maita a nono ake shanta, saboda haka in ta tabbata a kaina, ta tabbata a kan jaririyar da ke bayana.

Kakan yarinyar ya yi sallama da maigida a zaure. Ina jin su. Maigida ya rantse, ya ɗaga murya, ya ce a je Hunkuyi a tambayi asalina. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba mu ce komai ba, ɗana. Ta zo ta tsallake kawai. In ba ita ba ce, me zai rage ta?"

Me zai rage ni! In na ƙi, yarinyar ta mutu, ni na cinye ta. In na je, na amsa. Na yi kuka, na yi fushi, na zagi zakaru da malamin gonan da ban taɓa gani ba. Amma ihun yarinyar ya koma nishi, kuma ina son yarinyar nan. Na kwance goyo na miƙa wa Inna.

An shimfiɗe ta a tabarma a tsakar gidansu, mata sun yi layi jikin bango, ba wadda ta amsa sallamata. Ta rame, leɓunanta sun bushe. Na tattare zanena na tsallake ta sau uku. Abin da ke raina a lokacin, Allah ya sani, addu'a ce Allah ya tashe ta. Sai da na dawo gida na tuna abin da tashinta zai zama a kaina.

Ta tashi. Washegari zazzaɓin ya sauka, jibi na ji ta tana neman kunu. Wallahi na yi hamdala har da hawaye.

Da la'asar ina wanke-wanke a gindin danga, uwarta ta matso ta ɗaya gefen. Ba ma ganin juna. Muryarta a sanyaye take, ba gaba a ciki, godiya ce tsakani da Allah.

"Amarya," ta ce, "mun gode da kika sake ta. Don Allah ki bar mana ita haka nan."

'Yata ta girma a gidan nan har ta isa aure, ba ɗan maƙwabcin da ya taɓa sa hannu a kwanonta.